Filin Tambaya da Amsa: Idan An Ce Haɗarin Ciwo Ya Ninka Sau 200, Ninkin Me Ake Nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin lafiyar al'umma. Yayana mai shekara 34 ya je bayar da jini ga wata 'yar'uwarmu da za a yi wa tiyata, sai aka ƙi ɗaukar jininsa, aka ce yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Daga baya ya karanta a wayarsa cewa mai wannan ƙwaya ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da kansar hanta fiye da sau 200. Tun daga ranar ba ya cin abincin kirki, ba ya barci. An koya mana irin wannan lissafi a aji, amma ban fahimce shi yadda zan iya yi masa bayani ba. Ta yaya masu bincike suke auna wannan ninki, kuma lambar gaskiya ce? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Allah ya ba yayanki lafiya, ya kwantar masa da hankali. Lambar da ya gani ba ƙirƙira ba ce, akwai sanannen bincike a bayanta, kuma zan kawo miki shi da alƙalumansa. Sai dai an fitar da ita ne domin amsa tambayar masu bincike, wato ko wannan ƙwaya ce ke haddasa kansar hanta, alhali tambayar da ke hana yayanki barci daban ce: a cikin maza ɗari masu irin halin da yake ciki, mutum nawa ciwon zai kama, kuma cikin shekara nawa? Wanda ya ɗauki amsar tambaya ta farko ya ɗora wa ta biyu zai tsorata fiye da kima, wani lokaci kuma ya saki jiki a inda bai kamata ba.

Masu nazarin yaɗuwar cututtuka kan tara rukunin mutane masu yawa waɗanda ciwon da ake bincike a kansa bai kama ko ɗaya daga cikinsu ba tukuna. Tun ranar farko sai a rubuta halin kowa: shekarunsa nawa, yana shan taba ko ba ya sha, jininsa na ɗauke da ƙwaya ko babu. Daga nan ba a ba kowa magani, ba a kuma hana kowa komai, ido kawai ake sa musu na shekara biyar, ko goma, ko hamsin, ana ƙirga waɗanda ciwon ya kama a kowane ɓangare. Amfanin wannan hanya shi ne an san halin mutum kafin ciwo ya zo, saboda haka babu zancen cewa ciwon ne ya sauya masa ɗabi'a, babu kuma matsalar nan ta cewa majinyaci ya fi mai lafiya tuna abin da ya ci da abin da ya sha shekarun baya. Wannan matsala ita ce ke addabar ɗaya hanyar, wadda ake farawa daga gadon asibiti a koma baya da tambayoyi.

Lissafin kansa ba shi da wuya. A kowane ɓangare za a ɗauki adadin sababbin masu ciwo a raba da adadin mutanen da aka fara da su, abin da ya fito shi ne haɗarin wannan ɓangaren a cikin lokacin da aka ƙayyade. Sai a ɗauki haɗarin ɓangaren da ke da abin da ake zargi a raba da haɗarin ɓangaren da ba shi da shi, sakamakon shi ne ninkin haɗari. Idan ya fito 1, ɓangarorin biyu kunnen doki suka yi. Idan ya haura 1, abin da ake zargi yana tafiya tare da ƙarin ciwo. Idan kuma ya gaza 1, kamar yadda ake gani a binciken allurar rigakafi, to yana tafiya tare da kariya. Da yake ba kowa ne ake iya bi har ƙarshe ba, wani ya rasu da wani ciwon daban, wani ya yi ƙaura, masu bincike kan tara shekarun da aka bi kowane mutum su yi rabon da su. Mutum ɗaya da aka bi shekara goma da mutum goma da aka bi shekara ɗaya-ɗaya duk shekara goma suka ba lissafin.

Kafin mu je ga hanta, ya kamata ki san binciken da ya koya wa duniya wannan aiki. A shekarar 1951, Richard Doll da Austin Bradford Hill suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambaya game da shan taba sigari, kuma suka ci gaba da bibiyar likitoci maza 34,439 da suka amsa. Zaɓen likitoci dabara ce, domin sunan kowannensu na cikin rajistar hukuma, ba ya ɓacewa da sauƙi, kuma idan ya rasu akan rubuta sanadin mutuwarsa da kulawa. Rahoton farko ya fito a 1954, na shekara hamsin kuma a 2004. A wannan rahoto na ƙarshe, bayan an daidaita bambancin shekaru, kansar huhu takan kashe mutum 17 a cikin kowane 100,000 a shekara daga likitocin da ba su taɓa shan taba ba, amma a cikin masu sha tana kashe 249. Raba 249 da 17, za ki samu kusan 15. Wannan shi ne ninkin haɗari. Haka kuma ninkin yana hawa yadda sha yake hawa: 131 ga mai shan kara 1 zuwa 14 a rana, 233 ga mai shan 15 zuwa 24, sai 417 ga wanda ya kai 25 ko fiye, yayin da waɗanda suka daina suka sauko zuwa 68. Irin wannan hawa matakala-matakala yana daga cikin alamomin da suke gamsar da masu bincike cewa sanadi suka kama.

To ga inda nake so ki tsaya ki yi nazari, domin nan ne yawancin masu karatu suke tuntuɓe. A cikin wannan rahoto dai, ciwon toshewar jijiyoyin zuciya yana kashe 619 a cikin 100,000 na marasa shan taba, da 1,001 na masu sha. Ninkin bai wuce 1.6 ba, abin da mutum zai iya rainawa idan ya ajiye shi kusa da 15. Amma maimakon rabawa, yi ɗebewa. A kansar huhu, taba ta ƙara gawa 232 a kan kowane 100,000 a shekara. A ciwon zuciya kuwa ta ƙara 382. Wato ciwon da ninkinsa ya fi ƙanƙanta shi ya fi ɗibar rayukan masu shan taba, saboda tun asali ya fi yawa a cikin jama'a. Idan kuɗin kwalin ashana ya ninka sau goma sha biyar, buhun shinkafa kuma ya ƙaru da rabi kawai, kowane magidanci ya san wanne ne zai fi taɓa masa aljihu. Saboda haka duk lokacin da aka ce miki haɗari ya ninka, tambayar farko ita ce daga nawa ya tashi, ya koma nawa, cikin wane tsawon lokaci.

Yanzu sai lambar yayanki. Ta fito ne daga binciken da Palmer Beasley da abokan aikinsa suka yi a Taiwan, aka buga shi a mujallar Lancet a 1981. Sun gwada jinin maza 22,707, galibinsu ma'aikatan gwamnati, suka samu 3,454 na ɗauke da ƙwayar, 19,253 kuma ba su da ita. Bayan bibiya ta kimanin shekara uku da 'yan watanni, mutum 41 suka rasu da kansar hanta: 40 daga cikin masu ƙwayar, mutum ɗaya tak daga cikin marasa ita. Idan kika raba 40 da 3,454, sannan kika raba 1 da 19,253, kika kuma raba sakamakon farko da na biyu, 223 za ki samu. Ga asalin abin da ya karanta.

Ki lura da abu biyu a cikin waɗannan alƙaluma. Na farko, girman 223 ya samo asali ne daga ƙarancin ciwon a wajen marasa ƙwayar. Arba'in a cikin 3,454 kimanin mutum 12 ke nan a cikin dubu, ma'ana sauran kusan 988 ba su mutu da wannan ciwo a tsawon lokacin ba. Na biyu, dukan lissafin yana tsaye ne a kan mutum ɗaya. Da a ce mutum biyu ne suka rasu a ɓangaren marasa ƙwayar, da lambar ta faɗo zuwa rabi nan take, ba tare da komai ya sauya a jikin masu ƙwayar ba. Wannan ne ya sa rahoton kirki ba ya bayar da ninki shi kaɗai, sai ya haɗa da tazarar da ake kyautata zaton gaskiyar tana ciki, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Tazara mai faɗi tana nuna masu ciwon da aka ƙirga ba su da yawa, idan kuma tazarar ta ƙunshi 1 a cikinta, to binciken bai iya kore cewa babu bambanci ba. Da Beasley ya ci gaba da bin mutanen nan na wasu shekaru, masu ciwon suka ƙaru a ɓangarorin biyu, ninkin ya daidaita a wajajen 100. Har yanzu lamba ce mai girma ƙwarai, kuma babu mai jayayya a yau cewa ƙwayar tana haddasa kansar hanta. Hujjar ta ƙara ƙarfi bayan Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, inda kansar hanta a tsakanin yara ta ragu da kusan rabi cikin shekarun da suka biyo baya.

Ba na so ki ɗauki maganar 988 ki kai wa yayanki a matsayin cewa babu komai, domin shekara uku ba ita ce rayuwa ba. Hukumomin lafiya sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na waɗanda ƙwayar ta zauna a jikinsu, musamman waɗanda suka ɗauke ta tun ƙuruciya, kan mutu da ƙanƙancewar hanta ko kansarta idan ba su samu kulawa ba. Wannan adadi ne da ya isa a ɗauki lamarin da gaske. Amma shi ma yana nuna cewa mafi yawansu ba wannan ne ajalinsu ba, kuma ba kowane mai ƙwayar ne yake a matsayi ɗaya ba. Wani bincike na bibiya da aka sake yi a Taiwan, aka buga a 2006, ya bi masu ƙwayar 3,653 na fiye da shekara goma, ya kasa su bisa yawan ƙwayar da ke cikin jininsu. Waɗanda ƙwayar ta yi ƙasa ƙwarai a jininsu, kimanin kashi 1 cikin 100 ne suka kamu da kansar, waɗanda kuma ta fi yawa a jininsu suka kai kusan kashi 15. Duk waɗannan mutane a binciken 1981 cikin ɓangare ɗaya za a jefa su, a ba su ninki ɗaya. Ninkin haɗari matsakaicin rukuni ne, kuma rukunin na iya ƙunsar wanda ke bakin rami da wanda ke nesa da shi.

Tunda ke ɗaliba ce, akwai rauni ɗaya na wannan hanya da bai kamata ki bar aji ba ki riƙe shi ba. Da yake masu binciken ba su ne suka raba mutanen ba, rayuwa ce ta raba su, ɓangarorin biyu kan bambanta ta wasu fuskoki ban da abin da ake zargi. Tun 1976 ake bibiyar mata masu aikin jinya 121,700 a Amurka, kuma binciken ya nuna cewa waɗanda ke shan maganin homon, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa da shekaru, bayan ɗaukewar al'ada sun fi sauran ƙarancin ciwon zuciya. Likitoci da yawa suka gamsu suka riƙa rubuta maganin da wannan niyya. Sai aka yi gwaji na daban a kan mata fiye da 16,000, inda ƙuri'a ce ta zaɓi wadda za a ba maganin da wadda ba za a ba ba, aka kuma dakatar da shi a 2002 saboda illolin sun rinjayi amfanin, kuma ba a ga kariyar zuciyar da ake sa rai ba. Ɗaya daga cikin dalilan wannan saɓani shi ne matan da suka zaɓi shan maganin da kansu tun asali sun fi kula da lafiyarsu, sun kuma fi zuwa asibiti. Masu bincike kan yi ƙoƙarin daidaita irin waɗannan bambance-bambance ta lissafi, kamar shekaru da shan taba da nauyin jiki, amma abin da ba a auna ba babu yadda za a daidaita shi.

A ganina wannan ne babban amfanin duba girman ninki. Domin wani ɓoyayyen dalili ya haifar da ninki 15 ko 100 na ƙarya, dole ne shi kansa ya kasance yana da alaƙa da ciwon mai ƙarfi aƙalla kamar haka, kuma abu mai irin wannan ƙarfi da wuya ya ɓuya. Ninkin 1.2 ko 1.3 kuwa ɗan ƙaramin bambanci tsakanin ɓangarori ya isa ya samar da shi, saboda haka ba na amincewa da shi sai bincike da yawa a ƙasashe daban-daban sun yi ta maimaita shi. A kan taba da ƙwayar hanta ba za a taɓa yin gwajin ƙuri'a ba, tunda babu mai lamirin da zai sa wa mutum cuta da gangan domin ya ƙirga, don haka bibiyar rukuni ita ce mafi ƙarfin hujjar da za a samu.

Sannan ki tuna su wane ne aka auna. Mutanen Beasley maza ne 'yan Taiwan, yawancinsu sun haura arba'in. A Afirka ta Yamma kansar hanta kan bayyana a shekarun da suka gaza haka, kuma muna da wani ƙarin dalili da ya shafe mu kai tsaye, wato gubar afulatoksin da funfuna ke samarwa a gyaɗa da masara idan ba a busar da su da kyau ba ko aka ajiye su a wuri mai laima. Wani bincike a kan maza 18,244 a birnin Shanghai na ƙasar Sin ya nuna cewa gubar ita kaɗai ta ninka haɗarin kimanin sau 3, ƙwayar ita kaɗai kimanin sau 7, amma inda suka haɗu ninkin ya kai kusan 60. Ga mai cin ƙuli-ƙuli da tuwon masara kullum, wannan lamba ta fi 223 amfani, domin tana nuna masa abin da yake iya gyarawa da hannunsa.

Abin da ya kamata yayanki ya yi shi ne ya je wurin likitan da ya san ciwon hanta. Gwaji ɗaya a wurin bayar da jini bai isa ya tabbatar da cewa ƙwayar ta zauna ba, akan maimaita bayan wata shida, saboda mafi yawan manyan da suka ɗauke ta sabuwa jikinsu kan kore ta da kansa. Idan ta tabbata, za a auna yawanta a jini, a duba aikin hantar, a ɗauki hotonta, daga nan ne za a san ɓangaren da yake ciki da kuma ko yana buƙatar magani irin tenofovir ko entecavir, waɗanda ke danne ƙwayar su rage haɗarin sosai. Ya nisanci giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ya guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna. A gwada matarsa da 'ya'yansa da ku 'yan'uwansa, wanda ba shi da ƙwayar a yi masa rigakafi, duk jaririn da aka haifa a gidan kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24. Sai a 2004 Najeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin yara na yau da kullum, saboda haka sa'o'in yayanki da yawa ba su samu ba, kuma ɗaukar ƙwayar tun yarinta ita ce hanyar da ta fi yawa a wannan yanki namu, ba abin zargi ba ne a kansa.

Tambaya: Likita, na ji a rediyo an ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa a sahu ɗaya da taba sigari, wai yana ƙara haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin 100. Ni mai son kilishi ne. Shin mutum 18 cikin 100 na masu ci za su kamu ke nan? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: A'a, malam, ba haka lissafin yake ba, kuma amsar da ke sama ta shafe ka. A watan Oktoba na 2015 ne cibiyar binciken kansa ta wannan hukuma ta bayyana cewa cin giram 50 na sarrafaffen nama kowace rana yana ƙara haɗarin kansar babban hanji da kimanin kashi 18 cikin 100. Wannan ninkin haɗari ne na 1.18, kuma kashi 18 ɗin na haɗarin da ake da shi tun asali ne. A Birtaniya, inda kimanin mutum 6 cikin 100 kan kamu da wannan ciwo a tsawon rayuwarsu, ƙarin zai mayar da 6 ta koma kimanin 7, wato ƙarin mutum ɗaya a cikin ɗari na waɗanda suke ci kullum tsawon shekaru.

Sahun da aka sa shi tare da taba yana nuna ƙarfin hujjar cewa abu na iya haddasa kansa ne, ba yawan ɓarnar da yake yi ba. Hukumar da kanta ta kawo ƙiyasin cewa yawan cin sarrafaffen nama na da hannu a mutuwar kimanin mutum 34,000 da kansa a duniya kowace shekara, taba kuwa kimanin miliyan ɗaya. Ma'anar da hukumar ta bayar ta haɗa da naman da aka sa wa gishiri ko aka ƙyafe ko aka busar domin ya daɗe, don haka kilishi na kusa da wannan sahu, ko da yake yawancin mutanen da aka bibiya Turawa ne da Amurkawa masu cin irin su tsiran alade da naman gwangwani. Wanda yake sayen kilishi jefi-jefi bai kai ma'aunin giram 50 a kullum ba. Idan kuwa kullum ne sai ka ci, to ka rage, ka ƙara ganye da wake a abincinka, kuma idan ka ga jini a bayan gida ko yanayin fitarsa ya sauya na makonni, ka je asibiti a duba ka ba tare da jinkiri ba.